Tsakanin "shall" da "may": Turancin da ke cikin takardar cinikin masara

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne, sitona yana Sabon Garin Zariya, ina tara masara da waken soya daga Giwa da Soba da Saminaka. Tun da na fara, cinikina na baki ne da amana. Sai bana wani kamfanin abincin kaji da ke Ibadan ya aiko mini da takardar yarjejeniya da Turanci, ya ce in sa hannu. Ga layuka uku da suka fi tsaya mini a rai:

"The Supplier shall deliver 60 tons of good quality maize by 04/05."

"The goods shall be offloaded at the factory."

"The Buyer may make payment within 30 days, subject to inspection."

Ɗana da ya gama digiri ya karanta ya ce ba wata matsala. Da yake farashinsu bai yi mini ba, ya rubuta musu amsa kamar haka: "We hereby accept your offer, however the price shall be reviewed upward." Ba mu aika ba tukuna. Don Allah Malam, wannan Turancin daidai ne? Kuma me ya raba "quotation" da "invoice"? Yaran nan suna ta ambatonsu kamar abu ɗaya.

Amsa

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya yi wa kasuwa albarka. Ka yi dabara da ba ku aika ba.

Ɗanka bai yi ƙarya ba: in nahawu ake dubawa, layukan nan uku ba su da aibi, ko a jarrabawa aka kawo su za a ba su maki. Sai dai takardar ciniki ba don maki ake rubuta ta ba. Ana rubuta ta ne don ranar da aka saɓa, ranar da wani wanda bai san ka ba, bai san su ba, zai ɗauki takardar ya yanke hukunci da abin da ya gani a rubuce kawai. Saboda haka duk layin da ka karanta, ka tambaye shi abu huɗu: wa zai yi, me zai yi, nawa, kuma yaushe. Layukanka uku kowanne ya bar aƙalla ɗaya daga ciki babu amsa, kuma in ka lura, duk gurbin da aka bari a ɓangarensu yake da amfani.

Bari in fara da wanda ya fi tsada. Dubi kalmar da suka ɗora maka da wadda suka ɗora wa kansu. Kai "shall deliver", su kuwa "may make payment". A Turancin yarjejeniya "shall" wajibi ne, wanda bai yi ba ya karya alkawari. "May" kuwa izini ne, an yarda ka yi, in ba ka yi ba babu laifi. Ba wai layin ya yafe musu kuɗin masararka ba ne, wanda ya karɓi kaya dole ya biya. Amma ya kwance musu igiyar lokaci. In kwana 30 suka wuce ka buga waya, mai kula da kuɗinsu zai iya ce maka takarda ba ta ce dole a kwana 30 ba, kuma ba za ka ce ya yi ƙarya ba. Gyaran kalma ɗaya ne: "The Buyer shall pay". Akwai "will" da "should" da za ka riƙa gani. "Should" shawara ce, kada ka yarda da ita a wurin biyan kuɗi. "Will" tana iya ɗaukar alkawari, amma idan takarda ta sa "shall" a wani wuri ta sa "will" a wani, to an buɗe ƙofar gardama a kan ko nauyinsu ɗaya. Ka zaɓi ɗaya ka riƙe daga farko har ƙarshe. Wasu masu rubuta doka ma, musamman a Amurka tun bayan dokar sauƙaƙa rubutun gwamnati ta 2010, sun fi son "must" saboda ba ta da fuska biyu. Ni ma a ganina ta fi, amma a Najeriya "shall" aka saba da ita, kuma ba laifi.

Har yanzu muna kan layin biyan kuɗi, domin bai ƙare ba. "Within 30 days", kwana 30 daga yaushe? Daga ranar da tirela ta tashi daga Zariya, ko ranar da aka sauke, ko ranar da suka duba kaya, ko ranar da takardar neman biya ta isa teburin akawunsu? Tsakanin ta farko da ta ƙarshe ana iya samun mako biyu ko fiye. Sannan waɗanne irin kwanaki? "Calendar days" ana ƙirga kowace rana har Asabar da Lahadi. "Working days" ko "business days" ranakun aiki ne kawai, kwana 30 ɗinsu kusan mako shida ke nan, in kuma hutun Sallah ko Ista ya faɗo a tsakani sai ya ƙara ja. Mutumin da ya karɓi masara bashi daga manoma da dillalai ya san abin da mako biyu ke nufi. Abin da za ka nema a rubuta shi ne: "The Buyer shall pay the full price within 30 calendar days after the date of delivery." Mu da muka tashi da ayar bashi ta cikin Suratul Baƙara, aya ta 282, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ayar ba ta tsaya ga umarnin a rubuta bashi ba, ta ambaci ajali sananne.

Sai wutsiyar layin, "subject to inspection". Duk inda ka ga "subject to", ka rage gudu, domin abin da ya biyo bayanta shi ke da iko a kan abin da ya gabace ta. A nan ma'anarsa biya ya rataya ne a kan duba kaya. Wa zai duba? Cikin kwana nawa? Da wane ma'auni? In ba su duba ba har wata biyu fa, masararka na jibge a sitonsu tana shan danshin kudu? Ka nemi a ƙayyade: su duba cikin awa 48 da saukewa, a gaban wakilinka, in lokacin ya wuce ba su yi magana a rubuce ba, to sun karɓa ke nan. Akwai 'yar uwarta "subject to contract" da ake rubutawa a saman wasiƙa. Ita tana nufin har yanzu magana ake yi, ba a ƙulla komai ba. Kada ka ga wasiƙa mai wannan kalma ka je ka ciyo bashi ka cika sito.

Yanzu layin farko. "Good quality" yabo ne, ba ma'auni ba. Akwai wata shari'a da ake koya wa ɗaliban lauya a ƙasashe da yawa, an yi ta a New York a 1960, tsakanin kamfanin Frigaliment na ƙasar Suwizalan da kamfanin B.N.S. na Amurka. Takardarsu ta ce "chicken". Mai saye yana nufin 'yan samarin kaji masu taushin nama na suya da gashi, sai aka haɗo masa da tsofaffin kaji na farfesu. Alƙali Henry Friendly ya buɗe hukuncinsa da cewa abin da ke gaban kotu shi ne, mece ce kaza? Aka kawo ƙamus, aka kawo ƙa'idojin ma'aikatar gona, aka kira 'yan kasuwar kaji suka yi shaida, kowa da nasa fahimtar. A ƙarshe mai saye ya faɗi, saboda ya kasa tabbatar da cewa kalmar a takardarsu ƙananan kaji kaɗai take nufi. To in "kaza" ta kai mutane kotu, ina ga "masara mai kyau"? Fara ce ko ja? Ta bana ko ta bara? Masu abincin kaji suna auna danshi da na'ura, suna duba ƙwari da tsakuwa da ƙaiƙayi da ruɓaɓɓen ƙwaya, wasu har da gubar funfuna da ake kira aflatoxin. Ka sa su rubuta adadi. Misali "moisture content not exceeding 14%", wato danshi kada ya wuce kashi 14 cikin 100, haka kuma a kan datti da sauransu. In akwai adadi, na'ura ce za ta yi magana. In babu, ran mai karɓar kaya ne zai yi magana, kuma ranar da farashi ya faɗi a kasuwa, masarar kowa takan zama maras kyau.

"Tons" ma ba ɗaya ba ne. Tan ɗin da muke aiki da shi a nan kilo 1,000 ne, ana rubuta shi "metric ton" ko "tonne" ko MT. Na Amurka kusan kilo 907 ne, tsohon na Ingila kuma kilo 1,016. A tan 60, tsakanin namu da na Amurka akwai sama da kilo 5,500, wato fiye da buhu 55 mai kilo 100. Tsakanin Zariya da Ibadan da wuya wani ya yi maka wannan gardamar, amma ranar da ka fara tura citta ko riɗi waje za ka gode wa sabon da ka yi. Abin da ya fi kusa da kai shi ne sikeli: nauyin da aka auna a ina ne abin dogaro, wurin lodi ko wurin saukewa? Kuma tunda ba a taɓa cika tirela daidai wa daida, ka sa "plus or minus 5%" a gaban adadin, a biya gwargwadon abin da sikeli ya nuna. Kada ka wadatu da "about" ko "approximately" ba tare da adadi ba. A ƙa'idojin bankuna na cinikin ƙasa da ƙasa, UCP 600 da ta fara aiki a 2007, an fassara waɗannan kalmomi da ragi ko ƙari har kashi 10, amma wannan fassarar ta takardun banki ce, ba ta bin ka zuwa kowace yarjejeniya.

Ranar kuwa, "04/05", ɗan Najeriya zai karanta 4 ga Mayu, ɗan Amurka da kwamfutoci da yawa za su karanta 5 ga Afrilu. Ba shekara ma a jiki. A rubuta watan da haruffa. "By 4 May" a fahimtar da aka fi sani ta haɗa da ranar 4 ɗin, "before 4 May" ba ta haɗa ba, wato 3 ga wata ce ranarka ta ƙarshe. Hanya mafi tsabta ita ce "on or before 4 May". Ka kuma bincika ko akwai wani wuri da aka rubuta "time is of the essence". In akwai, jinkirin kwana ɗaya ya isa su soke cinikin, ko da mota ce ta lalace maka a Mokwa.

Layi na biyu shi ne wanda na fi son ɗanka ya tsaya a kansa, domin darasin nahawu ne tsantsa. "The goods shall be offloaded." Irin wannan ginin jimla yana ɓoye mai aikin. Mu ma muna da shi: "za a sauke kaya", "za a biya ka", "za a duba". Kowane ɗan kasuwa ya san ɗacin "za a". Wa zai kira 'yan dako, wa zai biya su? In tirela ta kwana uku a bakin ƙofar masana'anta direba na jira, kuɗin kwanan a wuyan wa yake? Jimlar ba ta faɗa ba, kuma ba za ta faɗa ba sai an juya ta an sa mai aiki a gaba: "The Buyer shall offload the goods at its own cost within 24 hours of arrival." Ka bi takardar gaba ɗaya da biro, duk inda ka ga "shall be" da aikatau a bayanta, ka rubuta "wa?" a gefe.

A nan ne wasu kamfanoni kan sa gajerun haruffa irin EXW ko DAP. Waɗannan daga Incoterms suke, ƙa'idojin da Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke Paris ta fara fitarwa a 1936, na baya-bayan nan shi ne na 2020 mai ɗauke da ƙa'idoji 11. EXW na nufin mai saye ya zo sitonka ya ɗauka, ko lodi ba wajibinka ba ne. DAP na nufin kai za ka kai har wurin da aka ambata, hatsarin hanya naka, saukewa tasu. Nakan ga ana rubuta "FOB Zaria", alhali FOB ta kayan da ake ɗora wa jirgin ruwa ce. In abin da ake nufi shi ne ka miƙa kaya ga motar da mai saye ya turo, FCA ce ta dace.

To, amsar da ɗanka ya rubuta. Tana da matsala biyu, kuma ta farko babba ce. Ba a cewa "we accept" sannan a canza farashi. A dokar yarjejeniya da muka gada daga Ingila, karɓa dole ta zo daidai da tayin, ba ragi ba ƙari. In ka canza wani abu, ba karɓa ka yi ba, sabon tayi ka yi, kuma nasu na farko ya mutu. Tun 1840 aka kafa wannan a shari'ar Hyde da Wrench. Wrench ya sa gonarsa fam 1,000, Hyde ya taya 950, aka ƙi, sai ya dawo ya ce to ya yarda da dubun. Kotu ta ce babu ciniki, tayin 950 ya riga ya kashe na farko. Kamar dai a kasuwa ne, ka taya an ce albarka, ka juya ka tafi, in ka dawo ba dole a sayar maka a kuɗin ɗazu ba. Haɗarin wasiƙar ɗanka ta kowane gefe ne. Suna iya riƙe kalmar "accept" su ce ka sallama a farashinsu, suna kuma iya cewa ka ƙi tayinsu su koma wurin wani. Matsala ta biyu, "reviewed upward" ba farashi ba ne, nawa za a ƙara? In tambaya kawai kake son yi ba tare da ka kashe tayinsu ba, to a rubuta ta a matsayin tambaya: "Would you consider a price of" kaza "per metric ton?" In kuwa ka tsaya ne a kan farashinka, a faɗa a fili: "We are unable to accept your price. We offer to supply at" kaza. Ita kuma "hereby" da 'yan uwanta "aforementioned" da "humbly" da "your esteemed organisation", ado ne. Ba sa ƙara wa takarda ƙarfi, sau da yawa ma sukan rufe wa mai rubutu ido daga gurbin da ya bari.

Tambayarka ta ƙarshe ba ta da wuya. "Quotation" farashin da ka faɗa ne kafin ciniki. Kullum ka sa masa wa'adi, "valid for 7 days" misali, domin farashin masara na kaka ba shi ne na bazara ba, kada a zo maka da takardar Nuwamba a watan Maris. "Proforma invoice" samfurin takardar biya ce da ake bayarwa tun kafin a kai kaya, don mai saye ya nemi amincewar shugabanninsa ko banki. "Invoice" ita ce neman biya na ainihi. "Receipt", rasit, shaidar an biya ce, saboda haka kada ka ba da shi sai kuɗi sun shiga. "Waybill" takardar da ke bin kaya a mota ce, kuma kwafin da suka sa wa hannu da hatimi ranar saukewa shi ne shaidarka ta ranar da kwana 30 ya fara. LPO kuwa odar da kamfani ke bayarwa ce. A kowace ka rubuta kuɗi da lambobi da kuma haruffa, ka tabbata sun dace, domin a dokar cek in suka saɓa haruffan ake bi. Ka kuma bayyana ko farashi "inclusive" ne ko "exclusive" na haraji. VAT a Najeriya kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020. Kayan abinci na asali suna da sassauci, amma wannan ka tabbatar da shi wurin akanta, tare da batun harajin da kamfanoni kan cire tun kafin su biya.

Akwai wasu kalmomi da mu Hausawa, ko 'yan Najeriya gaba ɗaya, muka fi tuntuɓe da su. Kurakurai irin "equipments" da "informations" da "the goods is" ba su da kyan gani, a gyara su, amma ban ɗauke su abin tashin hankali ba, ba sa cin kuɗin kowa. Waɗanda ke ci su ne irin "borrow" da "lend". Da yake a Hausa tushe ɗaya ne, ka ranta ko ka ranta wa wani, sai mutum ya rubuta "I borrowed him two million" yana nufin shi ya bayar, alhali "borrow" ta mai karɓa ce. Haka "severally": a bakin mutanenmu tana nufin sau da yawa, amma a takarda "jointly and severally liable" na nufin in ku uku kuka sa hannu, ana iya kama kai kaɗai a kan dukan bashin. Duk wanda zai tsaya wa ɗan'uwa a banki ya san wannan. Sai kafin alƙalami. In an rubuta "deposit", a bisa asali jingina ce ta tabbatar da ciniki, wanda ya fasa yana iya rasa ta. In an rubuta "part payment", wani ɓangare ne na kuɗin kaya, kuma ya fi sauƙin nema a dawo da shi. Ka san wanne kake karɓa, wanne kake bayarwa. "Bi-monthly" kuwa ka guje ta ɗungurungum, Turawan ma ba su daidaita ba ko sau biyu a wata take nufi ko sau ɗaya a wata biyu. Ko waƙafi yana da nasa rabon: a jihar Maine ta Amurka, rashin waƙafi ɗaya a cikin dokar kuɗin ƙarin lokaci ya sa direbobin kamfanin madara na Oakhurst suka yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 2017, kamfanin ya sasanta da su a kan dala miliyan 5 a 2018.

Wataƙila wani ya ce maka kada ka damu, kotu takan fassara kalma mai harshen damo a kan wanda ya rubuta ta. Akwai wannan ƙa'idar, gaskiya ne. Amma kafin ka ci moriyarta sai ka shigar da ƙara, ka ɗauki lauya, ka yi ta zirga-zirga, watakila ma a Ibadan in takardar ta ce can za a yi shari'a, ka duba wannan layin shi ma. Ciniki na tan 60 ya cancanci ka kai takardar wurin lauya ya karanta kafin ka sa hannu. Zariya ba ta rasa su ba, ga tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo tana yaye su kowace shekara, ga ofisoshinsu a Sabon Gari da PZ. Kada kuma ka ji nauyin mayar wa kamfani takardarsa da gyare-gyare, sun saba, kuma wanda ke nufin biya a kwana 30 ba zai ƙi a mayar da "may" ta koma "shall" ba.

In an daidaita aka zo sa hannu, duk gyaran da aka yi da biro ku duka biyun ku sa gajeren sa hannu a gefensa, haka kowane shafi, kuma ka karɓi naka kwafin a ranar. Ka kuma duba sunan da aka rubuta a matsayin "Supplier". In kamfani ne mai "Limited" da ka yi wa rajista a CAC, a rubuta cikakken sunansa, kai kuma ka sa hannu a ƙarƙashin "for and on behalf of". In sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista, to a idon doka kai da shi abu ɗaya ne, duk abin da ya biyo baya a kanka yake.